Ranar da Motar Zumuntar Mata Ta Ƙi Tafiya

Ranar Litinin da safe Gershon ya tayar da motarmu, inji ya amsa lafiya lau. Ya sa giyar gaba, ya taka totur. Motar ta yi gurnani har kajin Fasto suka watse, amma ko taku ɗaya ba ta motsa ba. Ya sa ta baya, duk ɗaya. Mu mata goma sha biyu muna tsaye da buhunan irin citta, damina ta sauka, gonaki suna jira.

Ni ce Yemima, sakatariyar zumuntar mata ta cocinmu a Ungwan Ɗinya, kusa da Kafanchan. Shekara talatin na yi ina koyar da 'yan firamare, don haka ina gane maƙaryaci tun kafin ya buɗe baki. Haka dai nake yabon kaina kafin wannan mako.

Motar tsohuwar akori-kura ce fara, mai giyar otomatik, irin wadda ba ta da kuloci. Da guminmu na citta muka saye ta, kuma Gershon ne direbanta shekara goma sha ɗaya. Dogo ne marar yawan magana, ko ƙwayar citta ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Muna cikin jimami sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan simintin baranda. Ba sai mun juya ba. Dattijo Andrawus ne, sakataren ikkilisiya, mutumin da takalminsa ke riga shi sallama. Ya zagaya motar hannu a baya, ya tsaya gaban Gershon.

"Ranar Juma'a ina ka kai shi?"

"Kafanchan, Baba. Na canja man inji, na dawo, na ajiye shi a gindin mangwaro. Lafiya na ajiye shi."

"Kai kaɗai ka je?"

"Ni kaɗai."

Dattijo ya juyo gare mu yana girgiza kai. "Iyayena mata, ku ba ku san gareji ba. A can ne ake cire giyabos mai kyau, a sa wanda zai kai mutum gida kawai ya mutu. Ni dai ban kama sunan kowa ba."

Bai kama suna ba, amma kafin rana ta take duk unguwa ta kama masa. Dattawa suka zauna, suka karɓe makulli daga hannun Gershon, suka ce in ba a ga wata hujja ba, ranar Lahadi za a sanar da horonsa. A wurinmu wanda ke ƙarƙashin horo a bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, ba ya cin jibin Ubangiji, kuma duk mai shiga sai ya gifta ta gabansa. Horo yakan ƙare bayan watanni. Sunan ɓarawo kuwa har jikoki yake bi.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya: ni ma maganar ta shige ni. Ranar Asabar duk garin mun tafi biso, wato jana'iza, a Madakiya, Gershon kaɗai ya ƙi zuwa, wai aladensa tana haihuwa. Sai da na ga yadda ya miƙa makullin da hannu biyu, sannan na fara shakkar zargin da ake masa.

* * *

Wasu mata suka ce ba Gershon ba ne, Clinton ne. Clinton saurayi ne mai tasa akori-kurar haya, kuma kowa ya san in tamu ta kwanta shi zai kwashe lodin citta. Suka ce yashi ya zuba mana a giya. Na ɗaura zane na same shi yana wanke mota a bakin rijiya.

"Clinton, ranar Asabar ina kake?"

"Haba Mama, abeg! Ba ni na kai kanofi da kujeru Madakiya ba? Ba ni na ba ki kujera mai hannu ba?"

Haka ne kuwa, har na yi masa godiya.

"Tun safe ina wurin sai da aka kwashe kujera na ƙarshe," in ji shi. "Mutum ɗaya ne na ga ya tafi da wuri. Dattijo Andrawus. Ana sauke akwati ya ce ciki na damun shi, ya hau mashin."

Na yi dariya na wuce. Abin da ya ba ni mamaki kawai shi ne a ce Dattijo ya bar biso kafin a raba shinkafa. Ban kawo komai a raina ba, ni mai gane maƙaryata.

Daga nan gidan Baba Kumai na nufa. Tsohon maharbi ne, ɗan guntu, ido ɗaya ya fara hazo. Yanzu ba dawa ba nama, amma in akuya ta ɓata ko an tone wa mutum doya, shi ake kira, ya bi ƙasa har ƙofar wanda ya yi. Na zayyana masa komai.

"Ni ban san mota ba, Malama," ya ce. "Amma in yana da ƙafa, yana da sawu. Gobe da sassafe. Ki zo da tire babba."

Na ɗauka abinci yake nufi, har na ji haushin tsohon.

* * *

Da gari ya waye na same shi a harabar coci yana rarrafe kamar mai neman allura. Ya tambaye ni yaushe aka yi ruwa na ƙarshe. Na ce Juma'a da la'asar, jim kaɗan bayan Gershon ya ajiye mota, kuma tun daga nan ba a ƙara ba.

"Wa ya share nan?"

"Mu ne. Kowace Asabar da yamma zumunta ke share haraba saboda sujadar Lahadi."

Ya ɗago ya dube ni da idonsa mai kyau. "Kun iya shara. Kun share mani rabin aiki."

Amma tsintsiyarmu ba ta shiga ƙarƙashin mota ba, mu ma ba mu wahalar da bayanmu a gefenta. Ya nuna mini ƙasar da ke ƙarƙashin gefen dama, duk ɗigon ruwa ya huda ta ƙanana-ƙanana. Sannan ya nuna wani tsiri a waje, gefen hagu, mai faɗin kamu ɗaya, sumul, ruwa bai taɓa shi ba, har da tsohon tonon kaji.

"Lokacin da ruwa ya zo, mota yana nan," ya ce yana nuna tsirin. "Yanzu ga shi nan. Ya tashi bayan ruwa, ya dawo, bai koma wurin kwanan shi daidai ba."

Ya tsuguna a gaban motar, ya sa yatsa a ƙugiyar da ke ƙarƙashin bamba, ya zaro zare biyu na shuɗiyar igiya. Ya leƙa bayan taya ya ɓanɓaro baƙar laka. Ƙasar garinmu ja ce.

Muna nan sai ga Damaris a kan mashin da jakar sifanu. Ɗalibata ce a aji huɗu, lokacin ko layi ba ta iya ja a miƙe. Yanzu a Kafanchan in giyar otomatik ta gagari maza, ita ake kai wa. Ni na kira ta a waya.

Ta zaro sandar awon man giya, ta goga a farin ƙyalle, ta miƙa mini.

"Mama Malama, wannan mai ja ne ya kamata, kamar zoɓo. Shinshina."

Baƙi ne wuluk, yana ƙaurin tukunyar da aka manta a wuta. Ta shimfiɗa buhu ta shige ƙarƙashi. Can sai muryarta ta fito.

"Wanda ya ce an canja wannan giyabos bai duba ba. Ga noti nan duk da tsatsa da tsohon datti. Sifana bai taɓa su ba ya fi shekara biyar."

Ta tsiyaye man a bokiti, ta kwance farantin ƙasa ta jawo shi waje. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu, ya yi gashi buzu-buzu da garin ƙarfe. Ta murza a yatsa ta ce ba yashi ba ne, cikin giyar ne ya ci kansa. Mai kuma cike yake, ba a bar shi ya ƙare ba.

"To me ya kashe shi?"

"Abu biyu nake zato. Mota ya maƙale, wani ya dinga gaba, baya, gaba, baya da ƙarfi har mai ya dahu. Sannan aka ƙarasa shi da igiya." Ta goge hannu. "Wannan irin giya, inji ne ke juya famfo, famfo ne ke kai mai ko'ina. In inji ya mutu ka ɗaura igiya ka ja, taya na juya kayan ciki, mai ba ya zuwa. Ƙarfe na cin ƙarfe. Duk direban otomatik ya san wannan. Gershon shi ya fi kowa sani, har faɗa yake yi a kai."

Baba Kumai ya ajiye mata zaren igiyar a tafin hannu. Ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

"Malama, ɗauko tire. In ruwa ya riga mu, an gama."

* * *

A cikin gari masu zuwa sujada sun tattake komai. Sai da muka wuce gidan ƙarshe, a hanyar gonakin ƙetare, ya tsaya. Ko ni na gani: sawun tarakta mai manyan haƙora, a kansa kuma sawun tayar motarmu, suna tafe tare sun nufo gari.

"Sawun fita, shi kaɗai ya fita," ya ce. "Na dawowa, tarakta a gaba, shi a baya. Dubi kwana. Mai tafiya da kan shi ba ya yanke kwana haka, sai wanda ake ja."

Awa biyu da rabi muna tafiya, tsoho a gaba kamar ba shi ne ke kukan gwiwa a coci ba, ni a baya da tire ina haki ina zagin ranar da na zama sakatariya. Iska ta fara kaɗawa lokacin da muka isa rafi.

Wurin ya faɗi labarinsa da kansa. Ramuka biyu masu zurfi inda tayoyin baya suka yi ta haƙa. Rassan da aka cusa ƙarƙashinsu. A bakin gaɓa kuma ragowar takin kaji, inda aka sauke lodi aka jibge. Sai dai mutum shida ne ke da gona a ƙetaren rafin nan, kuma duk shida suna sa takin kaji.

Baba Kumai bai kula da ramukan ba, ƙafafu yake nema. Ya nuna sawun takalmin roba, ya ce na mai tarakta ne. Ya bi wani sawun daga gefen direba, ya hau gaɓa, ya sauko, ya sake hawa, irin zirga-zirgar mutumin da hankalinsa ya tashi. A wani wuri mai yumɓu ya durƙusa.

Rana ta kwana uku ta gasa shi kamar bulo. Takalmi ne mai tsinin baki, ba na gona ba. A dundunniyarsa akwai shatin ƙarfe mai siffar jinjirin wata, da gurbin ƙusa uku, ta huɗun babu.

"Wa ke zuwa kai taki da takalmin biki?" ya ce.

Na tsaya ina kallo, sai kunnena ya jiyo mini ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Na tuna da mai ciwon ciki a Madakiya. Na tuna makullin motar na biyu yana cikin durowar ofishin coci. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Tsohon ya zare adda ya yanko yumɓun a hankali, ya zura shi kan tiren. Na kwance ɗankwalina na rufe. Ban gama ɗora shi a kai ba ɗigon farko ya sauka. Muka fake a wata bukkar gona muna kallon ruwa yana wanke rafin tas. Da ya tsagaita, Baba Kumai ya ce in wuce gida, shi zai bi ta ƙauyen da tarakta ya koma.

* * *

Laraba da hantsi aka taru a ofishin coci. Fasto Gilbert a tsakiya, dattawa a gefe, Gershon a tsaye jikin bango, Clinton da Damaris a benci. Matan zumunta ba a gayyace su ba, don haka suka cika tagogi. Na shigo da tire a rufe na ajiye a kan tebur, wani dattijo har ya gyara zama yana zaton waina ce.

Damaris ta yi bayaninta, ta zagaya da maganaɗisun kowa ya gani. Dattijo Andrawus ya yi murmushi.

"To, ba a canja ba, mun ji. Ashe ya ɗauki mota ya je yawon shi ranar Asabar, da ba kowa a gari. Duk laifi ɗaya ne."

"Gaskiyar ka, Dattijo," in ji Baba Kumai. "Wanda ya ɗauka ranar Asabar, shi ne mai laifi. Ya bar mana ƙafar shi."

Ya yaye ɗankwalin. Kowa ya miƙa wuya.

"Duk namiji a ɗakin nan ya cire takalmin dama ya ɗora a tebur."

"Wannan wane irin wasa ne a gidan Allah?" Dattijo ya ce da ƙarfi.

Fasto Gilbert ya sunkuya ya cire nasa, ya fara ɗorawa. Daga nan ba wanda ya isa ya ƙi. Silifa, sandal, takalmin tayar Gershon mai girman kwale-kwale, kambas ɗin Clinton. Na Dattijo ne ya zo ƙarshe, baƙi, yana ƙyalli. Baba Kumai ya kifa shi. Ƙarfe mai siffar jinjirin wata, ƙusa uku, ta huɗun ta fita. Ya ɗora shi a kan yumɓun, ya zauna daram.

Tagogi suka ɗauki salati irin namu. "Yesu na!"

"Takalmi irin wannan cike yake a kasuwan Kafanchan," in ji Dattijo.

"Haka ne," in ji Baba Kumai. "Shi ya sa na zo da Nelson mai tarakta. Yana waje a gindin mangwaro. Ya ce wani babban mutum ya gaya mashi direba ba lafiya, mata ne suka aike shi. A kira shi?"

Ba a kira shi ba. Dattijo ya zauna da ƙafa ɗaya a safa, gumi yana bin wuyan rigarsa.

"Taki kawai na je kaiwa," ya ce a hankali. "Na ce kafin a dawo daga biso na gama. Ya maƙale, ruwa ya kashe inji. Shekara ashirin na yi ina tuƙa mota mai kuloci. In ya mutu a tura, in ya ƙi a ja. Ban san wannan daban ne ba. Na wanke shi, na ajiye. Litinin da na ji inji ya tashi har na gode wa Allah, sai kuma..."

"Sai kuma ka nemi wanda za ka ɗora wa," na ce. Ba a ba ni izinin magana ba, kuma ban nema ba. "Mota ƙarfe ce, Dattijo, da ka faɗa da mun yi faɗa mun haƙura. Amma ka zauna a kujerar dattawa, da hannunka ka rubuta horon mutumin da ka san bai yi komai ba."

Duka ɗakin aka juya ga Gershon. Ya ɗago ya dubi Dattijo.

"Baba," ya ce, "da ka tambaye ni, da na kai maka takin da kaina."

* * *

Dattawa suka yanke cewa Andrawus ne zai sayo wani giyabos, mu kuma muka ƙara da cewa Damaris ce za ta zaɓa. Ta tafi Kaduna ranar Alhamis, ta ƙi uku, ta ɗauko na huɗu, ɗan Beljiyam, wato na hannu daga waje, wanda mansa yake ja har yanzu.

Juma'a da Asabar harabar coci ta zama gareji. Aka ɗaga motar aka tokare da kututture. Damaris da Gershon suka kwance farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, suka sauke mataccen a kan tsohuwar taya, maza huɗu suka ja shi gefe. Na ɗauka sai a ɗora sabo kawai, amma ta ce a'a. Akwai bututu biyu da ke kai man giya lagireto ya huce, kuma garin ƙarfen yana maƙale a ciki, in ba a wanke ba zai kashe sabon cikin wata ɗaya. Ta yi ta hura su tana zuba mai har ya fito garau. Sannan ta ɗauko wani abu mai kama da ƙwarya, ta ce konbata sunansa, ta zura shi a bakin giyar tana juyawa a hankali tana saurare, sai da ya shige har sau uku kafin ta yarda a ɗaga. Muka yi ta kai musu kunu da gwate.

Asabar da la'asar ta zuba jan mai, ta tayar da inji, ta taka birki ta bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta sake auna man. Ta ɗan saki birki, motar ta muskuta kamu biyu, ta kashe ta nan take.

"Ya yi," ta ce. "Sauran gwaji na Gershon ne, ni ba zan ci mashi ba."

Ranar Lahadi cocin ya cika har waje, har waɗanda sai Kirsimeti muke ganinsu. Bayan sanarwa Fasto ya kira Gershon gaba. Ya ce ikkilisiya ta yi saurin hukunci, kuma tana neman gafararsa a gaban kowa. Sannan ya aika da makullin motar zuwa bencin ƙarshe, inda Andrawus ke zaune yanzu ƙarƙashin horo, ya ce wanda ya sa aka karɓa shi zai mayar.

Andrawus ya taso daga bakin ƙofa, ya ratso tsakiyar jama'a har gaban bagade. Ya miƙa makullin, ya juyo ya fuskance mu.

"Gershon bai yi sata ba," ya ce. "Ni ne na ɗauki mota. Ni ne na yi ƙarya."

Ban san wadda ta fara guɗa ba, ana dai cewa ni ce. Matan zumunta suka ɗauki tulunan kiɗa da kacau-kacau, muka fito daga bencinmu ba tare da an kira mu ba, muka kewaye shi. Gershon ya ɗaga makullin sama, hawaye suna zuba, ya fita ta babbar ƙofa mu kuma muna biye. Ya shiga motar, ya sa giyar gaba, ta tashi sumul ba ko gargada. Sau uku ya zagaya cocin a hankali, muna rawa a bayansa, matarsa a gidan gaba tana ɗaga wa mutane hannu. Fasto ya tsaya a baranda da Littafi a hammata yana duba agogo, har dai ya haƙura da wa'azin ranar ya sauko cikinmu.